Saniyar da ba ta da tozo

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Wannan karin magana ta daɗe tana raba gardama a kasuwa da fada da majalisar dattawa, domin a da abin da ido ya gani akwai shi. Amma zamani ya zo da wata na'ura mai zana abin da ba a taɓa yi ba, ta fito da shi tamkar hoton da aka ɗauka da rana tsaka. Wani malamin makarantar firamare a garin Filinge ya ci karo da wannan al'amari a cikin aikinsa, kuma abin da ya gudana tsakaninsa da ɗalibansa da wani dattijo maƙwabcinsa ya isa malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su tsaya su yi nazari a kai.

Filinge na wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, cikin jahar Tilaberi, a kwarin Dallol Boso, inda tsaunuka suka yi wa gonaki katanga, ruwa kuma ba shi da zurfi ƙarƙashin rairayi. Nan ne babban garin ƙasar Kurfai. Ran Lahadi kasuwa ke ci, Kurfayawa da Zabarmawa da Abzinawa da Fulani su haɗu a kan hatsi da wake da bisashe. Malamin ɗan ƙasar ne, a wani ƙauye kusa da Shikal aka yanke masa cibiya, kuma yara na kiransa Mushe kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal.

A shekarar 2024 ambaliyar ruwa ta sa hukuma ta ɗage komawa makaranta har zuwa 28 ga Oktoba. Da aka buɗe, sai ya tarar da ajinsa cike maƙil. Ban da ƴaƴan gari, akwai yaran da iyayensu suka yi gudun hijira daga ƙauyukan arewa saboda rashin tsaron da ya rufe ɗaruruwan makarantu a jahar. Waɗannan yara can baya suke zama, ba su ɗaga hannu, ba su tambaya, in an yi musu magana sai su sunkuyar da kai. A cikinsu akwai wata yarinya mai kimanin shekara 10 wadda ta yi wata biyu a ajin ba wanda ya san irin muryarta.

Malamin ya shiga neman abin da zai buɗe bakin yaran. Ya tuna da wasanni biyu na ƙuruciyarsa. Na farko shi ne kacici-kacicin da kakarsa ke yi musu da dare a tsakar gida, inda wanda ya kasa ba da amsa sai ya ba mai tambaya gari kafin a warware masa. Na biyu shi ne wasan kuskure bakwai da ya gani a jaridun Faransanci, inda ake jera zane biyu masu kama da juna a ce mutum ya nemo wurare bakwai da suka bambanta. Koyarwa da wasan hoto ba sabon abu ba ne a duniya. Tun wajen 1760 wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, ya riƙa manna taswira a kan katako yana yayyanka ta bisa iyakokin ƙasashe don yara su harhaɗa. Abin da malamin Filinge ya rasa shi ne hotuna. Shi ba gwanin zane ba ne, kuma ƴan littattafan da ke hannunsa ba su da rumbu, ba su da rijiya, ba su da jaki da amalanke.

Ƙanensa, ɗalibi a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, shi ya nuna masa mafita a salula lokacin da ya zo hutun ƙarshen shekara. Ya ce masa: "Yaya, rubuta abin da kake so, ita za ta zana." Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ke nan. Irin wadda ke zana hoto daga rubutu ta bazu ne a 2022, shekarar da aka fitar da DALL-E 2 da Midjourney da Stable Diffusion. Yadda yawancinsu ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana nuna wa na'urar ɗimbin hotuna, kowane da ƴan kalmomin da ke bayyana shi. Ana yayyafa wa hoto ɗige-ɗige kaɗan-kaɗan har ya dushe kamar gari cikin hazon hunturu, ana koya mata ta maido shi. In ta ƙware, sai ta fara daga hazo tsantsa, tana share shi mataki-mataki, kalmomin da aka rubuta mata suna jan akalarta, har siffa ta bayyana. Masu bincike sun riga sun yi wasannin ido da wannan dabara. A 2023 wasu a Jami'ar Michigan ta Amurka sun sa na'ura ta zana hoton da in aka juya shi sama ta koma ƙasa sai ya zama wani hoto dabam.

Malamin ya sayi kuɗin intanet ya duƙufa. Gwajin farko bai yi ba. Ya nemi hoton tsakar gida, ya samu. Ya nemi irinsa sak amma a canza abu bakwai, sai na'urar ta canza kusan kome: fuskar matar, tsawon bango, yawan kaji, har inda rana ta faɗi. Dalili shi ne duk lokacin da aka sake tambaya daga sabon hazo take farawa. Akwai hanyar sa ta ta gyara sashe guda ta bar saura, amma ko a nan takan taɓa abin da ba a ce ta taɓa ba, kuma ƙidaya ba ta zauna mata ba: a ce awaki biyar, ta kawo huɗu ko shida. Wasan kuskure bakwai kuwa ba ya yiwuwa in mai shirya shi bai san adadin kuskuren ba.

Sai ya koma ga kacici-kacici. Ya fassara mata "baba na ɗaka, gemu na waje" zuwa Faransanci. Ta zana wani tsoho zaune cikin ɗaki, farin gemunsa ya bi ta ƙofa ya fita. Malamin ya yi dariya har da hawaye, amma ya lura da abu guda: babu wuta, babu hayaƙi. Na'urar ta zana kalmomin, ta bar ma'anar.

A dare na uku ya nemi abu mai sauƙi: wata mata na tatsar saniya a bakin ƙauyen Sahel, ga rumbu, ga gonar hatsi, ga rijiya, ga raƙumi can nesa. Hoton ya fito da kyau ƙwarai, hasken safiya na zuba a kan kome. Ya yi murna, ya kai aka buga masa a takarda, da niyyar ya ɓoye wasu ƙananan abubuwa a ciki yara su nemo. Da la'asar ya iske maƙwabcinsa zaune a kan tabarma a ƙofar gida. Dattijon ya ƙare ƙarfinsa a kiwon shanu a wajen Tukunus, inda tun zamanin mulkin mallaka ake da tashar kyautata irin shanun azawak, ƴan kilomitoci arewa da Filinge. Malamin ya gaishe shi, ya durƙusa ya miƙa masa takardar.

"Baba, duba abin da na samo wa yara."

Tsohon ya nisantar da takardar daga idonsa, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce: "Mushe, wagga mi ce ta?"

"Saniya ce, Baba."

"Saniyar wace ƙasa? Ina tozonta?"

Malamin ya karɓi takardar ya duba. Babu tozo. Bayan dabbar a miƙe yake kamar benci, jikinta roɗi-roɗin baƙi da fari irin na shanun Holan. Ba jar azawak ba ce mai gajerun ƙahoni, ba kuma ta Bororo ba ce mai dogaye. Tsohon ya ci gaba da nuni da ɗan yatsa. Raƙumin tozo biyu gare shi, irin na tsakiyar Asiya. Rumbun a ƙasa yake zaune ba bisa duwatsu ba, wato an shirya wa gara walima. Karan hatsin ya goya masara a maimakon ya fid da zangarniya. Igiyar gugar ta tsaya a iska ba ta kai hannun kowa ba. Itacen da ke bayan gida mai shimfiɗaɗɗen kai ne irin na gabashin Afirka. Hannun matar kuwa yatsu shida.

"Bakwai ke nan," in ji tsohon. "Akwai saura guda, amma ba ni faɗa maka. Tafi da ita lakwal. In akwai ɗiyan makiyaya cikin yaranka, su faɗa maka."

Malamin ya kwana da kunya a wannan dare. Ba kuskuren na'urar ya dame shi ba, nasa ne. Shi da ya tashi yana kora shanun mahaifinsa zuwa rijiya, ya kalli saniya marar tozo ya ce madalla. Kyawun hoton ya rufe masa ido, kuma shekarun da ya yi yana buɗe littattafan da aka zana a wasu ƙasashe sun saba masa da cewa saniyar takarda dabam take da saniyar garke. Ya tambayi kansa: in shi babba ya ruɗu, ina ga yaro?

Ba mugunta ce ta sa na'urar yin haka ba. Abin da aka ciyar da ita shi take amayarwa. Ɗaya daga cikin manyan rumbunan hotunan da aka horar da irin waɗannan na'urori da su, mai suna LAION-5B, wanda aka fitar a 2022, na ƙunshe da hoto sama da biliyan 5 da aka kwaso daga intanet, kuma fiye da biliyan 2 daga cikinsu da Ingilishi aka rubuta bayaninsu. A cikin wannan taro, shanun Turai da Amurka sun rinjayi na Dallol nesa ba kusa ba. Saboda haka in an ce mata saniya, sai ta kawo wadda ta fi yawan gani. In an ce Afirka, sai ta kawo itatuwan gandun dajin Kenya da masu yawon buɗe ido suka fi ɗauka. Rijiya ba ta ba da ruwan da bai taru a cikinta ba.

Ƙasar Kurfai ta san kwaikwayo tun ba yau ba. A wajen 1925, a Shikal, wata mata mai suna Shibo ta jagoranci abin da aka sani da Hauka ko Babule, inda masu bori suka riƙa hawan iskokin da ke tafiya da tsawa da ba da umarni irin na sojan Faransa, har hukumar mulkin mallaka ta tsorata ta kama su. Kowace irin fassara masana suka yi wa wannan lamari, abu guda a fili yake: waɗancan mutane sun ƙura wa baƙo ido sosai kafin su kwaikwaye shi. Yau baƙuwar na'ura ce ke kwaikwayon Kurfai, ita kuwa ba ta taɓa ganin Kurfai ba.

Da gari ya waye malamin ya canza shawara. Bai ɓoye kome a cikin hoton ba, tun da na'urar ta riga ta cika shi da abin nema. Ya yi fotokofi, ya raba yara rukuni-rukuni, ya ce: "Wanda ya zana wannan hoto baƙo ne, bai san ƙasarku ba. Ya yi kuskure bakwai. Ku nemo su."

Nan da nan aji ya kaure. An gano yatsu shida, an gano igiya, an gano raƙumi. Da aka zo kan saniya sai wani yaro ɗan gari, mai ƙoƙari ƙwarai, wanda ya saba taɓa salular mahaifinsa, ya miƙe ya ce: "Mushe, wannan ba kuskure ba ne. Kwamfuta ce ta yi, ita ba ta kuskure. Haka saniya ta gaskiya take, namu ne ba masu kyau ba." Wasu yara suka gyaɗa kai. Malamin ya ji maganar ta soke shi, domin ya gane cewa abin da ke gabansa ya wuce wasa. Yaron da ya yarda cewa hoto ya fi abin da idonsa ke gani a ƙofar gidansu gaskiya, gobe zai yarda cewa harshensa ma gurguwar magana ce. Bai tsawata masa ba. Ya tambaye shi ko wace saniya ke ba da nonon da ake dama masa fura da shi, da wanda ake yin cukun Tukunus da shi. Ya bayyana wa ajin cewa tozo kitse ne da dabba ke tarawa, kuma shanun masu tozo su ne suka jure zafi da dogon rani na wannan ƙasa, abin da waccan mai roɗi-roɗi ba ta iyawa sai da inuwa da ruwa da magani mai yawa.

An cika bakwai, an rubuta su a allo. Malamin na shirin tattara takardu sai wata ƴar siririyar murya ta fito daga baya.

"Mushe, akwai saura guda."

Kowa ya waiwaya. Yarinyar nan ce. Malamin ya ɗauki hoton ya sake dubawa sama da ƙasa, bai ga kome ba. Ya ce ya kasa. Wani yaro ya yi ihu: "A ba ta gari!" Aji ya ɗauka baki ɗaya.

"Na ba ki Yamai," in ji malamin.

Ta girgiza kai.

"Na ba ki Maraɗi da kasuwarta."

Ta sake girgiza kai. Ya ba ta Damagaram, ya ba ta Agadas, ta ƙi. Da ya tambaye ta wane gari take so, sai ta ambaci sunan ƙauyensu, wanda suka baro da dare, makarantarsa a rufe. Ajin ya yi tsit. Malamin ya ce ya ba ta, da rijiyarsa da garkensa. Sa'an nan ta ce: "Babu ɗan maraƙi. Saniya ba ta sakin nono in ba a kawo ɗanta ya fara tsotsa ba. Matar ga ƙarya take yi, ƙwaryarta ba ta samun kome."

Shi ne na takwas ɗin da tsohon ya riƙe. Sauran kurakuran duk abubuwa ne da aka zana ba daidai ba. Wannan kuwa abu ne da ba a zana ba sam, kuma ba mai ganin rashinsa sai wanda ya taɓa riƙe maraƙi da asuba uwarsa na tatsa.

Daga wannan rana wasan ya samu tsari. Malamin kan sa na'urar ta zana wani fage na rayuwar Kurfai: sussuka, haƙar rijiya, noma da hauyar tsaye, kasuwar bisashe. Kafin hoto ya shiga aji sai ya bi ta hannun wanda ya san aikin, ko manomi ko maƙeri ko mai daka, a ƙidaya kurakuran tare. A aji, ba a karɓar "wannan ba daidai ba ne" kawai, sai yaro ya faɗi dalili, ya kuma rubuta sunan abin da Hausa, da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ a inda suka dace, sa'an nan da Faransanci. A ƙarshe kowane rukuni ya ɗauki fensir ya gyara hoton da hannunsa. Wani lokaci malamin da kansa ke dasa tarko. Ya taɓa zana gawo mai lulluɓe da ganye a tsakiyar gonar da hatsi ya kai ƙugu, kuma yaran baya ne suka fara cewa gawo da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi yake tohowa.

Akwai darussa a nan ga masu koyarwa. Na farko, na'urar ba ta san amsar wasan da take zanawa ba, saboda haka malamin da ya miƙa wa yara hotonta ba tare da tantancewa ba ya ba baƙo ajinsa. Na biyu, kurakuran nan ba za su dawwama a fili haka ba. Na'urorin na ƙara ƙwarewa kowace shekara, yatsu shida sun fara zama tarihi, kuma a kwana a tashi za su koyi tozo. Abin da zai rage shi ne irin kuskuren ɗan maraƙi, wanda ba a gani sai da sanin rayuwa. Wannan ne ya sa horar da ido ya zama wajibi, musamman a yankin da hoton ƙarya guda da aka yaɗa ta WhatsApp kan iya tayar da ƙauye tsaye ko ya haɗa maƙwabta faɗa. Yaron da ya saba tambayar hoto "wa ya yi ka, mi ka manta?" ba ya saurin ruɗuwa. Na uku, malamin bai taɓa saka hoton fuskar ɗalibi a cikin na'urar ba, domin abin da ya shiga can ba a san inda yake kwana ba.

Akwai kuma aiki ga ƙungiyoyin raya al'adu. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973 a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba su gurbi a makaranta, kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Amma harshe ba ya tafiya shi kaɗai, da hotunansa yake tafiya. Muddin ba a ɗauki hoton rumbun Kurfai da akushi da faifai da kayan doki, an rubuta sunayensu daidai, an adana su inda malamai za su samu ba, to wasu ne za su ci gaba da zana wa yaran ƙasar kamannin gidajensu. Ƙungiyar da ke da salula biyu da dattawa uku masu son magana ta isa ta fara.

Hoton farko na nan manne a bangon ajin, ya fara yin ja saboda ƙura. Yarinyar ta ɗora wa saniyar tozo da fensir, ta zana ɗan maraƙi ɗaure kusa da ƙafar uwarsa ta gaba. Zanen bai kai na na'ura kyau ba, ƙafafun maraƙin ma ba su yi tsawo ɗaya ba. Ranar da malamin ya kai wa tsohon ya gani, ya daɗe yana kallo kamar wancan karo, sa'an nan ya miƙa masa takardar ya ce: "To, yanzu a kawo ƙwarya."